Mutum takwas a hannun Japan: makomar matuƙan da suka jefa wa Tokyo bam

Ranar 18 ga Afrilu 1942, jiragen yaƙi 16 samfurin B-25 suka tashi daga kan jirgin ruwan Amurka mai suna Hornet, ɗauke da mutum 80 a ƙarƙashin Laftanar Kanar James Doolittle. Wata huɗu ke nan da harin Pearl Harbor, Amurka kuwa na neman abin da za ta huce da shi. Sun jefa bama-bamai a Tokyo, Yokohama, Nagoya da Kobe. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma an kashe mutane kusan 50, har da ɗan makaranta. Wannan ita ce Japan ɗin da sojojin Arewa, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, za su gwabza da ita a dazuzzukan Bama bayan shekara biyu.

Jiragen ba su da hanyar komawa. An tilasta musu tashi tun suna nesa da inda aka tsara, saboda wani kwalekwalen sintiri na Japan ya hango su, don haka mai ya ƙare musu cikin dare a gaɓar Sin. Jirgi ɗaya ya sauka a Tarayyar Sobiyet, aka tsare mutanensa. Mafi yawan sauran manoman Sin ne suka ɓoye su, suka raka su har tudun mun tsira. Jirage biyu ne ba su yi sa'a ba. Na Laftanar Dean Hallmark ya faɗa teku, mutum biyu suka nutse, aka kama uku. Na Laftanar William Farrow kuwa, su biyar ɗin duka suka diro da lema a yankin da Japan ke riƙe da shi.

A nan ne batun ya koma na shari'a. Japan ta sa hannu a Yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ba. A lokacin da aka kama mutanen nan takwas, babu wata doka a Japan da ta ce a kashe matuƙin jirgin abokan gaba. Sai aka ƙirƙiro ta. Ranar 13 ga Agusta 1942 aka fitar da dokar da ta tanadi kisa ga duk ma'aikacin jirgin da ya kai hari kan farar hula, aka kuma ce ta shafi abin da ya faru kafin a kafa ta. Wato an ɗinka riga ne bayan an auna wanda za a saka wa. Kafin nan an riga an tatsi amsa daga bakinsu da duka, da hana barci, da ɗura musu ruwa ta hanci, suka sa hannu a takardun da aka rubuta da Japananci.

Shari'ar da aka yi a Shanghai ranar 28 ga Agusta ba ta kai awa ɗaya ba. Ba lauya, ba shaida, ba a ma fassara musu tuhumar ba. Hallmark a kwance aka kawo shi, atini ya gama cinye shi. Aka yanke wa dukkansu kisa. Mai karatun fiƙihun Malikiyya a zaurukan Gwandu ya san cewa hukuncin wanda aka kama a yaƙi yana hannun shugaba, ba hannun wanda ya kama shi ba. A Tokyo ma maganar sama ta tafi, kuma da sunan Sarki Hirohito aka sassauta wa biyar zuwa ɗaurin rai da rai. Ranar 15 ga Oktoba 1942 aka kai Hallmark, Farrow da Saje Harold Spatz wata maƙabarta a Shanghai, aka durƙusar da su, aka ɗaure su a ƙananan gumagumai, aka harbe.

Sauran biyar aka kulle kowa shi kaɗai a ɗaki, galibin lokacin a Nanjing. Robert Meder ya mutu ranar 1 ga Disamba 1943 saboda yunwa da rashin magani. Chase Nielsen, Robert Hite, George Barr da Jacob DeShazer sun kai Agusta 1945, inda aka 'yanto su a Beijin bayan wata 40 a tsare. DeShazer ya koma Japan a 1948 a matsayin mai wa'azin Kirista, ya shafe kusan shekara 30 a can.

Sai dai in ana lissafin waɗanda suka biya kuɗin harin nan, Amurkawa takwas ɗin su ne kaɗan. Sojojin Japan sun afka wa lardunan Zhejiang da Jiangxi, inda aka taimaki matuƙan, suka ƙone garuruwa, suka karkashe mutane. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne 250,000. Sunayen takwas ɗin suna cikin kowane littafi. Na manoman nan, ƙalilan ne aka rubuta.

A 1946 kotun sojan Amurka ta zauna a Shanghai, ta gurfanar da hafsoshin Japan huɗu, ciki har da Laftanar Janar Shigeru Sawada. Uku suka sami shekara biyar, ɗaya shekara tara, hukuncin da iyalan mamatan suka ga ya yi sauƙi ƙwarai. Kotun ta yi daidai da ta kira shari'ar 1942 haramtacciya. Amma tambayar da Japan ta fake da ita, ta halaccin jefa wa farar hula bam daga sama, ba wanda ya so ya taɓa ta, domin a daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka sun ƙone Tokyo, mutum kusan 100,000 suka mutu, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Sai a 1977, cikin sashe na 42 na ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyar Janiba, aka rubuta ƙarara cewa wanda ya diro da lema daga jirgin da ya lalace ba a harbinsa yana sama, kuma idan ya taka ƙasa sai an ba shi damar miƙa wuya. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1988, Japan a 2004. Amurka ta sa hannu, amma har yau ba ta tabbatar da ita ba.