Daga Dakon Mashaya zuwa Kallon La'asar: Tarihin Fita Kallon Namun Daji a Yankari

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 1 ga Disamba, 1962, da aka buɗe wa jama'a Gandun Dajin Yankari, wata al'ada ta kafu a ƙasar Bauci wadda Bahaushen dauri bai santa ba. Al'adar kuwa ita ce mutanen birni su taso musamman, su shiga mota tare da ja-gora bayan la'asar, su kutsa cikin dawa, ba don itace ko zuma ko nama ba, sai don kawai su ga namun daji da idonsu, su komo kafin duhu ya rufa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan al'ada, daga matsayin daji da maraice a tunanin Bahaushe, zuwa yadda aka shigo da fitar kallo, da halin da ta shiga daga baya. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ko da yake tsarin fitar baƙo ne, ilmin da ta dogara a kansa na gida ne, wato ilmin maharba, kuma ɗorewarta tana rataye da makomar masu wannan ilmi.

2.0 Daji da Maraice a Tunanin Bahaushe

A wurin Bahaushe gari daban, daji daban. Gari shi ne wurin mutane da sarauta da doka, daji kuwa mazaunin namu ne da iskoki da 'yan fashi. Haka kuma almuru lokaci ne da ake kiran yara su shigo gida, a kora dabbobi garke, matafiyi ya nemi masauki, domin an ɗauka a lokacin ne mutanen ɓoye suke fitowa. Saboda haka wanda duk ya doshi dawa da la'asar sakaliya, ko dai larura ce ta kai shi, ko kuwa sana'arsa ke nan.

Masu wannan sana'a iri biyu ne. Akwai 'yan farauta, waɗanda kan fita cikin taro da rani, da karnuka da sanduna da kiɗa, su kora dabba har su cim mata. Akwai kuma maharbi, wanda kan fita shi kaɗai ko da yaronsa, da kwari da baka da dafin kwankwani, daga baya kuma da bindiga adaka. Shi maharbi ba ya kora, sai dai ya yi sanɗa ko dako. Yakan karanta sawu da kashi da karyayyen reshe, ya san wace dabba ce ta wuce, da yaushe, kuma ina ta nufa. Yakan saki ƙura ko toka daga hannunsa ya ga inda iska ke kaɗawa, don kada warinsa ya riga shi isa. Wani yakan ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe, dabba ta zaci tsuntsu ne yake kiwo. Mafi muhimmanci ga wannan bayani shi ne dakon mashaya, inda maharbi kan hau itace ko ya laɓe kusa da ruwa tun rana ba ta faɗi ba, don ya san cewa idan zafi ya sauka, ƙishirwa za ta kawo masa abin da yake nema. Wannan ilmi gado ne, yana da shugabanninsa, wato Sarkin Baka da Sarkin Dawa, yana kuma da asirai da haninsa.

Ba a ce Bahaushe bai san kallon naman daji ba. Ya san gardawa masu wasa da kura da maciji da biri a kasuwa da ƙofar fada. Sai dai a nan dabba ake kawo wa mai kallo, a ɗaure da takunkumi. Abin da ya zo sabo shi ne a ɗauki mai kallo a kai shi gidan dabba, tana sake, shi ne baƙo.

3.0 Asalin Fitar Kallo

Wannan sabon tsari ya samo tushe ne a gabashi da kudancin Afirka a zamanin mulkin mallaka. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa mafarauta da fataken haure sun yi wa namun daji ɓarna mai yawa, sa'an nan annobar bushiya ta shekarun 1890 ta kashe shanu da ɓauna da sauran masu kofato ba iyaka. Wannan ya sa ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka ƙulla yarjejeniya a Landan a 1900 kan kiyaye namun dajin Afirka, suka sake wata a 1933 wadda ta fayyace ma'anar gandun daji na ƙasa. A Afirka ta Kudu an kafa gandun Kruger a 1926, aka fara shigar da masu kallo cikin mota a shekarar da ta biyo. A Kenya an gina masaukin Treetops a 1932, a kan wata babbar bishiyar ɓaure da ke fuskantar mashaya, inda baƙi kan hau da yamma su kwana suna kallon giwaye da ɓauna. A can ne Gimbiya Elizabeth ta kwana a watan Fabrairu na 1952, daren da mahaifinta ya rasu sarautar Ingila ta faɗo mata. A 1946 kuma aka kafa gandun Nairobi, a bakin birnin kansa.

Duk wanda ya dubi tsarin Treetops zai ga dakon mashaya ne aka cire masa kibiya. Har sunan da aka ba irin wannan tafiya yana da dangi a Hausa. Kalmar "safari" ta Sawahili ce, daga "safar" ta Larabci mai nufin tafiya, kuma daga wannan tushe ne Hausa ta sami "safara", wato fatauci daga gari zuwa gari. Kalma ɗaya ce ta rabu biyu, a gabas ta koma tafiyar farauta da kallo, a ƙasar Hausa ta tsaya a kan ciniki.

4.0 Kafuwar Yankari

A Nijeriya an yi dokar kiyaye namun daji tun 1916, amma ba a keɓe wani daji don kallo ba sai a shekarun 1950. Ana danganta ƙarfafa wannan shiri ga Alhaji Muhammadu Ngileruma, ministan albarkatun ƙasa na Jihar Arewa, wanda ya ziyarci wani gandun namun daji a Sudan ya komo da sha'awar a yi irinsa a gida. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe dajin Yankari, a 1957 ya zama gandun daji na En'e ta Bauci, bayan shekara biyar kuma aka buɗe shi ga masu kallo.

Dalilan zaɓen wurin a fili suke. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, a kudu maso gabashin birnin Bauci, tafiyar kimanin kilomita 110 ta hanyar Dindima da Mainamaji zuwa sansanin Wikki. Ya daɗe ba mazauna na dindindin a cikinsa, ko da yake akwai shaidar cewa an zauna shi a da, kamar kufan maƙera inda aka narka tama, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan P. J. Marshall da ya bayyana su a 1980. Uwa uba kuma akwai kogin Gaji, wanda ya ratsa dajin, maɓuɓɓugai suna ciyar da shi har cikin tsananin rani. Mafi shahara a cikinsu ita ce Wikki, mai ruwa garai-garai wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina.

Kogin Gaji shi ne ƙashin bayan fitar kallo. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta fi tsawon mutum, namu sun warwatse, mai kallo sai ya yi yini bai ga komai ba. Amma daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole kowace dabba ta gangaro fadamar Gaji. Da tsakar rana takan fake a inuwa, sai rana ta yi sanyi ta nufo ruwa. Saboda haka aka tsara fita sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar, a cikin buɗaɗɗiyar mota, bisa hanyoyin da aka share a gefen fadama. A irin wannan lokaci ne akan ga garken giwaye, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu, da bika, da dorina da kada a cikin ruwa, wani lokaci kuma mai rabo ya ga zaki.

5.0 Ja-gora, Magajin Maharbi

Ƙa'idar gandun ita ce ba mai shiga dawa sai da ja-gora, kuma a nan ne tsohon ilmi ya sami sabon aiki. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da ya zo daga Kano ko Ikko yana iya wucewa ta gaban giwa tana tsaye cikin kurmi bai ganta ba, amma ja-gora zai tsai da mota don ɗanyen kashi da ya gani a kan hanya, ko reshen da aka ɓalle bai yi yaushi ba, ko kukan bika da ya sauya. Shi ya san mashayar da garke ya sha jiya, ya san ta inda za a ɓullo wa dabba iska ba ta kai mata wari ba, ya san kuma giwar da ke da ɗa ba a matsa mata. Duk waɗannan darussan maharba ne, kuma ƙauyukan da ke kewaye da gandun, inda harbi sana'a ce ta gado, su ne suka daɗe suna samar da masu gadi da masu nuna hanya.

Sai dai wannan sauyi bai zo ba tare da asara ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokokin gandun sun mai da harbi a cikin Yankari laifi. Mutumin da kakansa ya yi suna da kashe ɓauna a Gaji ya wayi gari sunansa ɓarawon daji idan ya yi abin da kakan ya yi. Kaɗan ne suka sami aikin gadi, saura kuwa aka bar su da baka a rataye, ga kuma giwaye suna fita suna cinye musu gonaki. Ta haka ilmi ɗaya ya rabu gida biyu, da shi ake tsaron dabba, da shi kuma ake satarta.

6.0 Hawa da Sauka

Riƙon gandun ya yi ta sauya hannu. Daga Jihar Arewa ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sa'an nan Jihar Bauci a 1976. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa da dokar soja mai lamba 36, a 2006 kuma ta mayar wa Jihar Bauci. A tsawon wannan lokaci namu sun sha wuya. Bushiya ta sake ɓarkewa a 1983 ta kashe ɓauna da yawa. Raƙumin dawa da kyarkeci da mariya, waɗanda aka sani a dajin a da, sun ƙare. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350, amma farautar haure ta shekarun da suka biyo ta rage su ƙwarai, har aka ƙiyasta saura tsakanin 100 da 150. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta Amurka don ƙarfafa sintirin masu gadi, kisan giwaye kuma ya ragu sosai bayan haka.

Wani misali daga maƙwabta yana ƙara haske a kan matsayin ja-gora. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a 1996. Ba a kori manoma an kewaye wurin ba, sai aka bar dabbobin suna kiwo a tsakanin gonaki, 'yan ƙauyukan suka kafa ƙungiyar ja-gora masu kai baƙin birni kallo, aka kuma riƙa tallafa wa ƙauyukan. Kafin 2018 raƙuman sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Amma harin da 'yan bindiga suka kai a watan Agusta na 2020, inda aka kashe mutum takwas har da wani ja-gora, ya tsai da zuwan baƙi cik. Wannan ya nuna cewa fitar kallo tana buƙatar abu uku a lokaci guda, wato dabba mai rai, da ɗan gari mai cin moriyarta, da hanya mai aminci.

7.0 Kammalawa

An ga yadda fita kallon namun daji da maraice ta taso daga gabashin Afirka, ta iso Yankari a 1962, ta tarar da ilmin dakon mashaya ta hau kansa. Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Yaron birni a yau yakan kira duk mai ƙaho da ya gani barewa, bai bambance gwanki da kanki ba, balle gwambaza da mazo, alhali waɗannan sunaye suna nan cikin karin magana da tatsuniya da kirari. Dabbar da ta ƙare a daji, sunanta kan zama kalma marar jiki, kamar yadda kyarkeci ya zama. Ja-goran Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya nuna dabba da yatsa su faɗi sunanta da halinta da Hausa. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i su tattara wannan ilmi daga bakin tsofaffin maharba da masu gadi tun suna raye, malaman makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai fadamar Gaji da rani, su ji sunayen a inda masu sunayen ke shan ruwa.