Ƙwayoyin da Ke Sa Hanta Ta Ƙandare

A 1876, Bajamushe Karl von Kupffer ya hango wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro maƙale da ƙananan jijiyoyin jinin hanta. A 1951 Toshio Ito na Japan ya gano suna ajiye kitse. To me ya haɗa su da ciwo? A 1985 Scott Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka narkar da hantar ɓera, suka wulwula ta a na'ura, kitsen ya sa ƙwayoyin suka taso sama. Da aka raine su a faranti, sai ga su suna fitar da kolajin, sinadarin tabo. Wannan tabon ne ke ƙandarar da hantar masu ciwon hanta nau'in B, shi ya sa masu neman magani suka sa musu ido.