Tarihin Kwaɗon da Aka Sa wa Waƙa

A ranar 31 ga Oktoba 2005 wani masanin kwamfuta na jihar Texas ta Amurka, mai suna Mark Russinovich, ya bayyana wa duniya wani al'amari da ya same shi a cikin ɗakinsa. Yana cikin gwada wata manhaja da ya rubuta da hannunsa, wadda aikinta tono abin da ɓarayin intanet suke binnewa a na'urorin mutane, sai ta nuna masa cewa a tasa kwamfutar ma akwai baƙon da ya sauka ba da sallama ba, ya shige can ƙuryar ƙurya, ya lulluɓe kansa yadda mai gida ba zai gan shi ba. Mutumin ya bi sawu kamar yadda ake bin sawun ɓarawo da asuba, yana zaton zai ɓulle a wurin wasu 'yan damfara, amma sai sawun ya kai shi ga wani faifan waƙa da ya saya da kuɗinsa na halal, na wasu mawaƙa biyu 'yan gida ɗaya da ake kira Van Zant, wanda kamfanin Sony BMG, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa na duniya a lokacin, ya buga.

Ba za a fahimci yadda babban kamfani ya kai ga aikata irin wannan ba sai an koma baya an duba yadda haƙƙin mallaka ya taso. Dokar farko da ta shahara a kansa ita ce wadda aka zartar a Ingila a 1710, zamanin Sarauniya Anne, wadda ta ba mawallafi ikon hana kowa buga littafinsa tsawon shekara 14, in kuwa wa'adin ya cika yana raye a ƙara masa wasu 14. Abin lura a nan shi ne dokar ta fuskanci masu maɗaba'a ne, domin a wancan zamani babu mai iya yawaita littafi sai wanda ya mallaki injin buga shi. A ƙasashenmu kuwa, inda almajiri yakan zauna da alƙalami da tawada ya kwafe littafin malaminsa daga basmala zuwa tammat, kwafa aikin lada ce, amanar da ake nema a wurinsa kawai ita ce kada ya sauya lafazi, kada kuma ya jingina wa kansa abin da wani ya ce. Mawaƙi ma haka: ladansa yana hannun wanda ya yi wa waƙa, riga ce ko doki ko kuɗin da aka liƙa masa a fili, waƙar kuwa da zarar ta fita bakinsa ta zama ta duk kunnen da ya riƙe ta.

Da Thomas Edison ya ƙago na'urar kama murya a 1877, garmaho ya biyo baya, murya ta zama hajar da ake sawa a kwali a kai kanti, amma duk da haka tsarin bai girgiza ba, saboda faifan garmaho sai masana'anta ke iya matso shi. Abin da ya fara karya wannan shinge shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, wanda ya sa duk mai rakoda biyu da 'yar waya ya zama maɗaba'a shi kaɗai. A 1981 kamfanonin waƙa na Ingila suka yi ta shela cewa ɗaukar waƙa a gida zai kashe waƙa. A Kano kuwa kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar wannan sana'a, aka jera injinan kwafa a shaguna, kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da na wa'azi da na finafinan Indiya suka riƙa fita katan-katan zuwa garuruwan Arewa har da ƙetaren iyaka. Wanda ya yi zamani da kaset ya san aibinsa: ya san yadda ake cusa biro a ramin kaset a juya domin a mayar da zaren da rakoda ta tauna, ya kuma san cewa kwafin da aka ɗauka daga kwafi sai ya zo da shuu, na uku ya fi na biyu dushewa, har a kai inda kalangu zai yi kamar ana kaɗa shi a cikin rijiya. Wannan dushewa ita ce kwaɗon da ɗabi'ar na'ura ta sa, ita ta bar wa kaset na asali darajarsa ba tare da an kira ɗan sanda ba.

A nan ya kamata a tuna da wata shari'a, domin tana da nasaba da abin da zai biyo. Kamfanonin fim na Amurka sun kai Sony ƙara saboda ta ƙera akwatin bidiyo da mutum zai ɗauki shirin talabijin da shi, aka yi ta ja har Kotun Ƙoli, wadda a 1984 ta yanke hukunci, alƙalai 5 a kan 4, cewa ba a kama maƙeri da laifi matuƙar abin da ya ƙera yana da amfani na halal mai yawa. Watau Sony ce ta tsaya a gaban alƙali tana kare haƙƙin mutum ya yi kwafi a gidansa. Bayan shekara huɗu, a 1988, ta sayi kamfanin waƙa na CBS, daga nan ta zama mai sayar da alƙalami kuma mai tsoron abin da alƙalamin zai kwafa.

Faifan sidi, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ya mayar da murya lambobi, lamba kuwa ba ta dushewa: kwafi na dubu daidai yake da na farko. Abin da ya rage shi ne nauyi, domin waƙa ɗaya takan ci wuri mai yawa, har sai da masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu da Karlheinz Brandenburg, suka samo dabarar da aka raɗa wa suna MP3 a 1995. Hikimarta tana cikin sanin raunin kunnen ɗan Adam: kamar yadda ba a jin raɗa a kusa da tambari, haka kunne ba ya kama ƙaramin sauti in babba ya danne shi, saboda haka sai a zubar da duk abin da kunne ba zai ji ba, waƙa ta koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. A watan Yuni 1999, watan da Shata ya rasu, wani ɗalibi ɗan shekara 18 a birnin Boston, Shawn Fanning, ya saki manhajar Napster, wadda ta sa kowa yana iya ɗibar waƙa daga kwamfutar kowa. Kamfanoni suka kai ƙara a watan Disamba na shekarar, kotu ta sa aka rufe ta a 2001, wasu irinta suka tsiro a madadinta. Daga Satumba 2003 sai aka koma kan ɗaiɗaikun mutane, aka fara da mutum 261, cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara 12 a New York.

Bayan kotu, hanya ta biyu da kamfanoni suka bi ita ce kwaɗo. Tun 1998 majalisar Amurka ta yi doka ta haramta buɗe duk wani makulli da aka sa wa waƙa ko fim, ko da mai buɗewar shi ya sayi kayan. Sai dai kwaɗunan ba su da ƙwari, domin akwai matsala a asalin tunanin: tilas ne a ba mai saye mabuɗi in ana so ya saurari abin da ya saya, alhali shi ɗin ne wanda ake son a kulle wa ƙofa. A 2002 aka gano cewa ana karya wani irin kullen ta hanyar ja masa layi da alƙalamin maka a gefen faifan. A 2003 wani ɗalibin jami'ar Princeton, Alex Halderman, ya nuna cewa wani kullen kuma yana sukurkucewa in mutum ya danne maɓallin Shift lokacin da yake sa faifan, kamfanin da ya ƙera shi ya yi barazanar kai yaron kotu, daga baya ya janye. Wannan jerin kunya shi ya tura Sony BMG ga neman kwaɗon da ba a gani balle a karya.

Ga yadda abin yake aiki. Da mutum ya sa faifan a kwamfuta mai Windows, sai wata doguwar yarjejeniya ta fito, ya danna amincewa kamar yadda kowa ke yi, manhajar XCP, wadda wani kamfanin Ingila mai suna First 4 Internet ya rubuta, ta shige cikin zuciyar na'urar. Aikinta na zahiri ƙayyade yawan kwafi; na baɗini kuwa shi ne ta umarci kwamfutar da ta rufe ido ga duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa biyar, $sys$, kada ta nuna wa mai ita, kada ta nuna wa manhajar da ke gadinta. Yarjejeniyar ba ta ambaci wannan ɓoyo ba, ba a kuma tanadi hanyar cire shi ba. Da Russinovich ya cire shi da hannu sai kwamfutarsa ta daina ganin ma'ajin faifai gaba ɗaya. Mafi muni shi ne mayafin bai san mai shi ba, duk wanda ya sa wa kayansa waɗannan haruffa ya shiga ƙarƙashinsa, kuma ba a yi mako biyu ba masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fara fakewa da shi. Faifai iri 52 ne suka fita da wannan abu, an kuma sayar da fiye da miliyan 2.

Da aka tambayi wani babban jami'in kamfanin, Thomas Hesse, a gidan rediyo, amsar da ya bayar ita ce yawancin mutane ba su ma san mene ne wannan abu ba, don me za su damu. Ni a ganina wannan magana ta fi manhajar kanta nauyi, domin ta mayar da jahilcin mai saye hujjar cutar da shi, alhali fuƙaha'unmu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa tun ba a tambaye shi ba, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita in ya gano an ɓoye masa. Balle kuma hurumin gida, wanda ba a shigarsa sai da izni. Manhajar cirewa da kamfanin ya fitar daga baya ta buɗe wata kafa da ta fi ta farko faɗi, kamar yadda Halderman da malaminsa Edward Felten suka tabbatar. Masu bincike kuma suka tarar cewa a cikin XCP akwai rubutun wasu mutane da aka ɗebo ba tare da cika sharaɗin masu shi ba, watau an keta haƙƙin mallaka a cikin abin da aka ƙera domin kare shi. Jihar Texas ta shigar da ƙara a watan Nuwamba 2005, aka janye faifan daga kantuna, a 2007 kuma kamfanin ya amince da biyan har dala 150 ga wanda na'urarsa ta lalace. Duk wanda wannan musiba ta shafa mutum ne da ya je ya biya kuɗi. Wanda ya ɗebi waƙar a intanet ba ta taɓa shi ba.

Kada wannan ya sa a zaci ina raina haƙƙin mawaƙi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, a 1988 ɗin kuma Nijeriya ta yi dokarta, wadda aka sabunta da ta 2022. Wanda ya kwana yana tsara baiti, ya biya kuɗin situdiyo, ya wayi gari waƙarsa tana tashi a kowace mota da kowane shago shi kuwa aljihunsa wayam, an ci guminsa, ko da sunan masoyi aka ci. Abin da ya rage satar fasaha a Turai da Amurka kuwa sauƙi ne: kantin iTunes da Apple ya buɗe a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99, a 2009 aka cire wa waƙoƙinsa kwaɗo, Spotify kuma ya taso daga Suwidin a 2008 da tsarin saurare ba tare da mallaka ba, ko da yake mawaƙa da yawa suna kukan ƙanƙantar abin da ke isowa hannunsu.

Spotify bai iso Nijeriya ba sai 2021, kafin nan kuwa mu mun riga mun yi tamu hanyar. A bakin tasha ko a kusurwar kasuwa za ka tarar da saurayi a ƙarƙashin lema, da kwamfuta a kan ɗan tebur, da ƙaramin janareta yana ƙugi a bayansa ko farantin sola a jingine, mutane suna miƙa masa memori suna faɗin sunan mawaƙin da suke so. Jikan masu injinan Ƙofar Wambai ne a sana'a, ya san abin da gari ke so tun kafin gidan rediyo ya sani, kuma sau da yawa sabon mawaƙi da ƙafarsa yake kawo masa waƙa yana roƙon a tura wa jama'a, domin ya san in sunansa ya zaga, gayyatar biki da kyautar mai gida za su biyo, kamar yadda suka riƙa biyo kakanninsa masu kalangu.