Harbin Kuskure a Fagen Farauta: Alhakin Ɗan Sanda Tsakanin Dokar Ƙasa da Fiƙihun Malikiyya, Nazari Daga Ƙasar Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke biyo baya idan harsashin ɗan sanda ya sami mafarauci a daji. Ta gwama tanadin Final Kod na Arewa, Dokar Makamai ta 1959 da Tsarin Mulki na 1999 da hukuncin kisan kuskure a fiƙihun Malikiyya. Matsayarta ita ce, kuskure yana sauƙaƙa hukunci amma ba ya shafe alhaki, kuma wajibi ne rundunar da ta ba jami'i bindiga ta ɗauki nauyin diyya.

Gabatarwa

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Gaya, Ajingi da Albasu, sai farauta ta kankama. Matasa daga garuruwa irin su Toranke, Balare, Gafasa da Kunkurawa sukan fita ƙungiya-ƙungiya da karnuka, gora da adda, a bi zomo, gafiya da fakara har zuwa iyakar Jigawa. Ƙalilan ne ke riƙe da bindigar toka. Ita wannan bindiga ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, kuma harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri. Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, alhali bindigogin yaƙi suna cikin rukunin da sai da izinin Shugaban Ƙasa.

Mafarauta suna da tasu ƙa'idar tun kaka da kakanni. Ana tafiya a jere, ba a harbi cikin ciyawa don an ga motsi, ba a juya bakin bindiga wajen abokin sahu. Idan tsautsayi ya faɗa, Sarkin Baka da mai gari da limami su ne ke zama, domin wanda ya harba da wanda aka harba galibi sun san gidajen juna. Wannan tsari yana da nasa rauni, amma aƙalla ba a rasa sanin hannun da ya ja kunama.

Inda ɗan sanda ya shigo

Ta hanya uku jami'i kan faɗa cikin irin wannan lamari: ya bi abokai farauta da bindigar aiki bayan ya tashi daga aiki, ko 'yan sintiri su hango fitilar goshi da dare su ɗauka ɓarayin shanu ne, ko kuma a fita aikin haɗin gwiwa da mafarauta harsashi ya kauce. A dukansu makamin ya bambanta da na mafarauci. Bindigar toka ba ta cin nisa, ita kuwa AK-47 tana kisa daga ɗaruruwan mitoci, ta ratsa kara da ciyawa ta sami wanda mai harbin bai ma gani ba. Saboda haka taka-tsantsan ɗin da ake nema daga mai riƙe da ita dole ya fi na mafarauci.

Sashe na 48 na Final Kod ya yafe abin da ya auku bisa haɗari, amma da sharaɗi: aikin ya zama halattacce, an yi shi ta halattacciyar hanya, kuma cikin kulawar da ta dace. Jami'in da ya tafi harbin fakara da bindigar gwamnati ya faɗi tun a sharaɗin farko. Wanda ya buɗe wuta kan hasken fitila ba tare da ya tantance ba ya faɗi a na ƙarshe. Abin da ya hau kansu shi ne sashe na 222(7), wato kisa ta hanyar ganganci ko sakaci, wanda sashe na 224 ya tanadar masa ɗauri ko tara ko duka biyu. Sashe na 33 na Tsarin Mulki, da ya halatta amfani da ƙarfi wajen kare kai ko kama mai laifi, ya ɗaure shi da gwargwadon larura, haka ma Umarnin Rundunar 'Yan Sanda na 237 da aka sabunta a 2019.

A takarda ke nan. A aikace, ofishin da za a kai ƙara shi ne ofishin wanda ya yi harbin, kuma abokin aikinsa ne zai rubuta bayanin farko. Shaida mafi ƙarfi tana cikin littafin ma'ajiyar makamai, inda ake rubuta lambar bindiga, sunan wanda ya karɓa, da yawan harsashin da ya fita da wanda ya dawo. Shi ma littafin yana hannun 'yan sandan. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna makamai 178,459 na rundunar da ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Wanda ya karanta wannan zai gane dalilin da ya sa ba za a jingina haƙƙin rai ga wannan lissafi kaɗai ba. Ga kuma gaggawar jana'iza: iyalan mamaci a karkara sun fi son a sallaci gawa kafin rana ta faɗi, sai a binne harsashin tare da shi, ba tare da likita ya ciro ba.

Shari'ar matasa shida na Apo ta nuna tsawon wannan hanya. 'Yan sanda ne suka kashe su a Abuja a watan Yuni na 2005, aka ce 'yan fashi ne, sai a watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa. A babban birnin ƙasa ke nan, gaban 'yan jarida da lauyoyi. Manomin Dundun ko Gurduba a ƙasar Ajingi ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kuma Kano tana cikin jihohin da ba su kafa kwamitin sauraron koke kan 'yan sanda ba bayan zanga-zangar adawa da cin zalin 'yan sanda ta Oktoba 2020.

Neman diyya a kotu ma yana da tarko. Idan aka ce jami'in yana bakin aiki, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, sai dai a bi ta ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan'adam na 2009 waɗanda ba su da wannan wa'adi. Idan aka ce ba ya bakin aiki, runduna za ta ce ba ita ta aike shi ba. Ko an yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci yana buƙatar amincewar Antoni-Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati.

Abin da fiƙihu ya tanada

Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. A mazhabar Malikiyya diyyar raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗa ta cikin shekara uku. Wurin da ya kamata masu nazari su tsaya shi ne, Mukhtasar na Khalil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya gabatar da ma'abota diwani, wato waɗanda sunansu ke cikin rajista ɗaya ta albashi daga baitulmali, kan dangin jini. A ganin wannan maƙala, rundunar 'yan sanda ta dace da wannan siffa. Ita ta ɗauki jami'in, ta horar da shi, ta damƙa masa makami, don haka bai kamata ta janye jiki a ranar biya ba. Ɗan abin da akan kai gidan makoki da sunan ta'aziyya ba diyya ba ne, kuma yafiyar da aka karɓa daga uba mai jin tsoron kaki ba ta cika sharaɗin yarda ba, balle idan akwai marayu ƙanana da haƙƙinsu ke ciki.

Matakin da za a iya ɗauka tun yanzu

Duk harbin da ya shafi jami'i a ɗauke bincikensa daga ofishin yankin a ranar, a miƙa littafin makamai da bindigar ga sashen binciken manyan laifuka na jiha, a kuma sanar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da Antoni-Janar na Kano, wanda sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba ikon karɓar tuhuma. Masarautar Gaya, wadda dokar masarautun Kano ta 2024 ta bar wa Gaya, Ajingi da Albasu, za ta iya sa hakimai da Sarakunan Baka su riƙa sanar da ofishin 'yan sanda rana da dajin da za a fita, a rubuce, tare da sunayen masu bindiga. Kisan mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, ko da yake 'yan banga da gungun jama'a ne suka aikata, ya nuna haɗarin da ke kan mai bindigar toka a inda ba a san shi ba. Malamai kuma su bayyana wa jama'a cewa jinkirta jana'iza na 'yan sa'o'i don likita ya ciro harsashi yana kare haƙƙin magada.