Graham da Kamfanin Bututun Mai

A shekarar 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta wargaza Standard Oil, daular man John D. Rockefeller, ta zama kamfanoni 34. A cikinsu akwai wani ƙarami, Northern Pipe Line, mai tura ɗanyen mai ta bututu a jihar Pennsylvania. Ba wanda ya damu da shi.

A 1926 Benjamin Graham, matashin masanin hannun jari a New York, ya je Washington ya duba rahotannin da kamfanonin bututu ke miƙa wa hukuma. Sai ya tarar kamfanin ya jibge takardun lamuni na kimanin dala 95 a kan kowane hannun jari, alhali ana sayar da shi dala 65. Wato mai saye ya sami dukiyar da rangwame, bututun kuwa gyara ne.

Irin wannan awo ya shimfiɗa daga baya, shi da David Dodd, a littafinsu Security Analysis na 1934: a haɗa tsabar kuɗi, da bashin da kamfani ke bi, da hajar da ke ajiye, a ɗebe duk bashin da ake binsa, gini da injina a ɗauke su tamkar babu. A aikace, yakan sayi hannun jarin da farashinsa bai wuce kashi biyu bisa uku na ragowar ba.

Amma a ganina ba lissafin ne mai wuya ba, fitar da kuɗin ne. A taron shekara na 1927 a Oil City, ba wanda ya mara wa shawararsa baya, shugabannin suka sallame shi. A 1928 ya dawo da wakilcin masu jari da dama, ya sami kujera cikin daraktoci, aka raba dala 70 a kan kowane hannun jari.