Fayil ɗin da antibirus ya kasa bincikawa: me za a yi da shi?

Duk mai aiki da kwamfuta a Tahoua, a biro ne ko a sibar ko a jami'a, ya san rahoton da antibirus ke fitarwa bayan ya gama bincike: ba a samu birus ba, amma akwai fayiloli kaza da ba a iya bincikawa ba. Wasu sai su firgita su goge komai, wasu kuma su rufe rahoton su ci gaba da harkarsu. Abin da saƙon ke nufi shi ne manhajar ba ta ga cikin fayil ɗin ba. Ba ta ce yana da cuta ba, ba ta kuma wanke shi ba.

Dalilin da ya fi yawa shi ne kalmar sirri. Idan an ƙunshe takardu cikin ZIP, RAR ko 7z aka kulle su, antibirus ba shi da makulli, don haka bayan ƙunshin kawai yake gani. Wasu manhajoji na kirki, har da shi antibirus ɗin kansa, suna ajiye kayansu a kulle haka, shi ya sa irin wannan rahoto ba ya ƙarewa. Sai dai ɓarayin intanet ma sun san wannan ƙofa. Masu yaɗa Emotet, wadda ƴan sandan ƙasashe da dama suka tarwatsa cibiyoyinta a watan Janairu 2021, sun riƙa aika ZIP a kulle, su rubuta kalmar sirrin cikin saƙon. Mai karɓa shi ke buɗe wa cutar da hannunsa. Kulle abu sannan a liƙa makullin a jikinsa ba ya kare sirrin kowa; amfaninsa ɗaya, ya makantar da antibirus. Irin wannan saƙo, ko da sunan banki ko ma'aikata ya zo, a goge shi.

Akwai kuma fayilolin Windows da ke aiki a lokacin binciken, irin su pagefile.sys da hiberfil.sys. Waɗannan a bar su yadda suke.

Na uku shi ne fayil da ya lalace, kuma a nan Ader wannan ba baƙon abu ba ne: wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ko rezo ya yanke kafin saukewa ta kammala, ko an fizge kile ba a cire ta bisa ƙa'ida ba. Maganinsa a sake saukewa daga inda ya fito. Sai kuma ƙunshi mai girman gaske ko mai ƙunshi cikin ƙunshi, wanda antibirus ke tsallakewa da gangan don kada ya maƙale. Misalin da aka fi sani shi ne 42.zip, mai kilobayit 42 kacal, wanda idan aka warware shi duka yakan kai petabayit 4,5.

Yadda za a bi

A fara da duba wurin da fayil ɗin yake, domin rahoton yana nunawa. In cikin jakar Windows ne ko ta wata manhaja da aka sani, galibi babu damuwa. In ya zo ta WhatsApp, imel ko kile, a tambayi wanda ya aiko, da murya. Ɗan'uwa da ke ci-rani a Abijan ko Libiya yana iya turo abin da shi ma bai san cikinsa ba, ko kuma an sace masa asusu.

Idan an tabbatar da mai aikowa, a sabunta antibirus tukuna, a warware ƙunshin cikin sabuwar jaka ba tare da an buɗe ko ɗaya daga abin da ya fito ba, sannan a sa antibirus ya binciki jakar. Yanzu yana gani. A lura da ƙarshen sunaye: takardar da aka ce ta kwankur ce ko ta haihuwa ba ta ƙarewa da .exe, .vbs, .js, .scr ko .lnk. Windows kan ɓoye wannan ƙarshen, sai an kunna nuna shi. Masu zuwa daga Abalak ko Tchintabaraden buga takardu a gari su kula da kile ɗinsu: idan jakunkuna sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya, cutar nan ce da ta zama ruwan dare a gidajen fotokofi. Takardun suna nan, ɓoye su ta yi, don haka kada a yi saurin goge kile ɗin gaba ɗaya.

Shafin VirusTotal, da Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da antibirus kusan 70 lokaci guda, kyauta. Amma abin da aka ɗora can masu bincike da ke biyan kuɗi suna iya ganinsa. Katin ɗan ƙasa, takardar albashi ko jerin sunayen ma'aikata ba su da wurin zama a can. Shi ma fayil a kulle sai an warware shi kafin a ɗora.

Idan ana zargin cutar ta riga ta shiga, Windows 10 da 11 suna da binciken Microsoft Defender da ke kashe kwamfuta ya sake tayar da ita, ya bincika kafin Windows ya tashi, lokacin da birus bai samu damar ɓuya ba. Kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows 7 kuwa, Microsoft ya daina yi musu gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, don haka kada a warware fayil mai shakka a kansu, musamman in su ne ke riƙe da takardun biro.