Daga Yaɓe Zuwa Feshi: Tarihin Kula da Rufin Gida a Kano

A ƙasashen da ruwa ba ya ɗaukewa, irin su Ingila da Holan, wanke rufin gida sana'a ce mai zaman kanta. Gansakuka takan lulluɓe rufi, ta riƙe danshi, ta toshe magudana, sai a kira mai injin feshi ya hau ya kankare ta. Wannan inji ya daɗe da isowa Kano, amma ta hannun masu wankin mota ya shigo, kuma bidiyoyin YouTube da TikTok na iya sa magidanci ya yi sha'awar juya bakinsa zuwa saman gidansa. Kafin a kai ga haka, yana da kyau a san abin da ke saman. A unguwa ɗaya kamar Tudun Wada da ke ƙaramar hukumar Nassarawa, da gidajen GRA da ke kusa da ita, ana iya samun rufin zamani huɗu, kuma ba kowanne ne ke jure wanka ba.

Na farkonsu soro ne. Magina kan jera azara, wadda ake faskarawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cinta ba, su shimfiɗa zana ko asabari a kai, sannan su ɗora ƙasa. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa ginshiƙi ko bakan gizo. Wannan iyaka ita ta haifar da gwanintar da ake gani a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da kuma soraye na Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano.

Abokin gaban soro ba gansakuka ba ce. Ruwan Kano kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sannan hunturu ya busar da komai, don haka ɗan koren da ya fito a bakin indararo lokacin marka ba ya kai wa kaka. Abin tsoro shi ne tsaga da ciyawa. Iska da tsuntsaye kan kai iri saman soro, ya tsira da ruwan farko, saiwarsa ta huda ƙasa, ruwa ya bi sawunta har ya isa azara. Idan azara ta ruɓe, ɗaki ya tafi, wani lokaci da mutanen da ke kwance a ciki.

Saboda haka kula da rufi aiki ne mai lokaci, kamar sharar gona. Da bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, ake hawa a cire busasshiyar ciyawa, a cike tsaga, a gyara zaman indararo, a sake yaɓe. Masu hali sukan sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi da gashin dabbobi daga majema da ruwan dafara. A nan ana ganin yadda sana'o'in birni suka jingina da juna: abin da marini da majemi suka zubar, shi magini yake tsare gida da shi. Sana'ar kuma tana da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina. Abin lura a duk wannan tsari shi ne, gyaran soro ƙari ne. Damina ta zaftare wani abu, mai gida ya mayar.

Turawan da suka ci Kano a 1903 ba su zo da wani rufi nan take ba. Gidajensu na farko a Nassarawa na ƙasa ne, maginan gari suka yi. Shaida tana nan a Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Kwanon rufi mai tudu da kwari ya riga ya tsufa a Turai, domin tun 1829 Henry Palmer ya yi rajistar ƙirarsa a Landan, amma ba kayan da za a ɗoro wa raƙumi ko jaki daga bakin teku ba ne. Da taragu suka fara sauka da gyaɗa, sai suka riƙa dawowa da shi. Ya fara hawa kan tashar jirgi da rumbunan kamfanoni da Sabon Gari, sannan ya bazu zuwa unguwannin da aka yanka a wajen ganuwa don ma'aikata da baƙi da tsofaffin sojoji, irin su Tudun Wada da Gwagwarwa.

Kwano yana da aibu da kowa ya sani. Da bazara ɗaki kan koma tanda, da damina ƙarar ruwa kan hana hira. Duk da haka ya yi nasara, domin ya yi alkawarin abu ɗaya da soro bai iya ba: hutu daga yaɓen kowace shekara. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya kammala aikin, bulo da siminti da kwano suka zama alamar wanda ya samu. Mamakon ruwan Agustan 1988, wanda ya fasa madatsar Bagauda ya kuma rushe gidajen ƙasa masu yawa a Kano, ya ƙara wa mutane dalilin gudun soro. Sai dai tare da yaɓe, al'adar hawa rufi a duba shi ita ma ta tafi. Yanzu yawancin magidanta ba sa tuna rufi sai silin ya yi tabo.

Tsakanin kwano da rufin yau akwai wani da ba a cika maganarsa ba, kuma shi ne ya fi dacewa a yi hattara da shi: asbestos. Allunan siminti ne masu launin toka da aka ƙarfafa da zaren wani ma'adini, ba sa tsatsa, ba sa ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Kamfanoni irin su Nigerite a Legas da Giwarite a Kano sun yi su, aka rufa makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da su. Fuskarsu tana da kaushi, tana riƙe ƙura da danshi, don haka su ne suka fi yin baƙi, su ne kuma za su fi jan hankalin mai son wanki. Matuƙar allon yana zaune lafiya, zaren na ɗaure a cikin siminti. Ruwa mai ƙarfi yana kankare fuskar, ya saki zaren cikin laka, lakar ta bushe a tsakar gida, iska ta ɗaga ta. Shaƙar wannan zare na jawo ciwon daji na huhu da na fatar da ke lulluɓe da shi, kuma cutar kan ɗauki shekaru ashirin zuwa arba'in kafin ta bayyana. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, kuma hukumomin lafiyar ma'aikata a can suna gargaɗi kan wanke shi da injin feshi.

Shi kansa injin, wanda Alfred Kärcher ya ƙera nau'insa mai ruwan zafi a Jamus a 1950, yana fitar da ruwa da ƙarfin da ya ninka na famfon gida sau talatin ko fiye. Aikinsa ragewa ne, akasin na magini. A kan soro zai kwashe yaɓen shekaru cikin 'yan mintoci. A kan tsohon kwano zai ɓare sauran abin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, ya kuma cusa ruwa ta ramin ƙusa. Rufin zamani mai yayyafin tsakuwa, irin su Gerard, wanda ya mamaye sababbin gidajen GRA, tsakuwar ce kariyarsa, feshi mai ƙarfi kuwa yana zubar da ita. Dogon kwanon alminiyam ne kaɗai ke iya jurewa, shi ma idan an sassauta ƙarfin kuma an bi gangaren rufin.

Dattin rufin Kano ƙurar hunturu ce da ganyen darbejiya da leda, kuma ruwan farko na wanke mafi yawansu, muddin magudana a buɗe take. Abin da gidan Tudun Wada ke buƙata a watan Afrilu bai wuce tsani da tsintsiya ba, da kafinta mai duba ƙusoshi da mahaɗar kwano. Idan kuwa rufin na asbestos ne, kada a goge shi, kada a fasa shi, kada ma a taka shi, domin tsohon allo yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa.